Daga Tashe Zuwa Fastibal: Wasan Ban Dariya Na Samariya A Ƙasar Guci

Turawa suna da wani irin wasan kwaikwayo da suke ce wa opereta. Wasa ne na ban dariya wanda ake sarƙa zance da waƙa a cikinsa: 'yan wasa su yi ta magana kamar yadda aka saba, in rigima ta kai intaha sai ɗaya ya ɓarke da waƙa, 'yan amshi su karɓa, sannan a dawo kan zance. A birnin Paris wani mai tsara kiɗa, Jacques Offenbach, ya yi suna da shi tun wajen 1858. A Ingila kuma mutum biyu ne, Gilbert mai tsara magana da Sullivan mai sa kiɗa. A 1885 suka fito da wani wasa, The Mikado, suka ce wai a Japan labarin ya faru, alhali duk wanda ke zaune a zauren ya san manyan ƙasarsu ake yi wa shaguɓe. Har gobe a ƙananan garuruwan Ingila da Amurka akwai ƙungiyoyin sa-kai da ke maimaita waɗannan wasanni. Likita da akawu da malamin makaranta su tashi daga aiki, su yi wata da watanni suna gwaji, su nuna wasan 'yan kwanaki, ba wanda ake biya ko sisi.

Na kawo wannan ne don mu ma mun yi irinsa a nan ƙasar Guci, ba tare da mun taɓa jin sunan opereta ba. Ga wanda bai san wurin ba, Guci tana kudancin jihar Damagaram, maƙwabciyar Waca da Malawa da Dungas, ba nisa da iyakar Jigawa. A zamanin da nake magana kanto ce a ƙarƙashin Magariya, sai a 2011 aka yanke Dungas ta zama gunduma mai cin gashin kanta, Guci ta faɗa cikinta. Bambancinmu da Turawan shi ne su an rubuta nasu, magana da kiɗa duka, shi ya sa bayan shekara ɗari da ɗoriya ana iya buɗe littafi a tayar da wasan. Namu a baki ya rayu. Waɗanda suka riƙe shi a ka yanzu kakanni ne, kuma kowace damina ana raguwa.

Masu cewa soja ne suka kawo mana wasan kwaikwayo a 1974 sun fara lissafi daga tsakiya. Ku tuna da tashe. Daga goma ga azumi yara ke fita gida gida bayan shan ruwa: wannan ya liƙa gemun auduga ya zama tsoho mai dogara sanda, wancan ya cusa tsumma a riga ya zama mai tumbi, wani ya ɗaura zane ya zama amarya. Duk wasan tashe yana da waƙarsa da amshinta, yana da wanda ake zolaya, rowa ce ko kwaɗayi ko zaman gwauranci. A Kano har sarauta aka yi wa abin, Nalako, mai farautar gwauraye. Ga kuma 'yan kama, masu shigar malamai, su zauna su buɗe baki kamar za a ja fassara, ashe duk karatun a kan tuwo da miya zai ƙare. Malaman ma dariya suke yi, don an san inda iyakar take.

Mafi girma a wajenmu shi ne wasan kara na Damagaram. Bayan an kawar da amfanin gona samari ke ɗaukar karan hatsi su ƙera duk abin da masu mulki ke taƙama da shi, bindiga ce, takobi ne, na'urar ɗaukar hoto ce. A zaɓo wanda ya yi kama da Sarki a naɗa shi, a zaɓo mai kama da shugaban ƙasa da ministocinsa, su yi tafiyarsu, su yi irin tarinsu da irin ɗaga hannunsu, jama'a na kallo, wani lokaci ma wanda ake kwaikwayon yana zaune a wurin. Wannan al'ada ta koya wa mutanen ƙasar nan abu guda tun da daɗewa: akwai fili da lokaci da talaka ke da izinin yi wa babba dariya a gabansa, ba a ce ya yi rashin kunya ba. Duk abin da zan faɗa nan gaba a kan wannan izinin ya tsaya.

Hanya ta biyu ta lakwal ce. Makarantar William Ponty ta ƙasar Senegal, inda Faransa ke horar da malamai da akawuna na Afirka ta Yamma, ta sa ɗalibanta yin wasan kwaikwayo tun shekarun 1930. Waɗanda suka dawo gida suka zo da dabarar dandamali da labule da raba wasa fita fita. A Yamai Mahamane Dan Dobi na cikin na farko. Daga baya Andre Salifu, ɗan Damagaram, ya rubuta Tanimoune a kan Sarki Tanimun, aka buga shi littafi a 1973. Sai dai da Faransanci aka rubuta shi, kuma a ƙauyukanmu masu jin Faransanci a lokacin ana iya ƙirga su da yatsu. Abin da ya fi shiga kunnenmu daga kudu yake zuwa. Rediyon Kaduna na kamawa tangaran a nan, kuma can sun riga sun yi nisa: Abubakar Tunau ya fitar da Wasan Marafa, Shu'aibu Maƙarfi ya yi Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, daga baya ga Samanja Mazan Fama. Duk ɗan Guci da ya je cin kasuwar Maigatari ko Ɓaɓura yakan dawo da sabuwar barkwanci a bakinsa.

Ran 15 ga Afrilu 1974 Seyni Kunce ya kifar da gwamnatin Diori Hamani, ƙasa na fama da yunwa. Ya soke jam'iyya, ya rushe majalisa, to amma mai mulki ba ya iya zama ba hanyar da zai isa ga talakawa. Sai ya waiwayi samariya. Ita ma ba baƙuwa ba ce: kowane gari da ma yana da sarkin samari da magajiya, su ke shirya gayya, su ke tarbar baƙi, su ke raba rigimar dandali. Gwamnati ta ɗauke ta ta yi mata tsari daga unguwa har ƙasa baki ɗaya, ta ɗora mata sharar gari da gina azuzuwa da dashen itace. Daga baya, da aka kafa abin da aka kira Société de développement, samariya da kwaperatif su ne ginshiƙansa biyu.

A 1976 aka yi bikin matasa na ƙasa na farko, a Damagaram. Mu fastibal muke ce masa. Cikin watan Afrilu ake yinsa don ya dace da zagayowar ranar juyin mulki, kuma yana yawo ne, bana wannan babban birni baɗi wancan. Ana gasar wasan kwaikwayo, da waƙa, da kiɗa, da wani abu da ake kira bale, wato labari da ake bayarwa da rawa da waƙa. Kuɗin yuraniyom na shigowa a ƙarshen shekarun 1970, don haka akwai abin hidima. Abin da ya kamata malaman yau su lura da shi shi ne tsanin da aka kafa. Kafin a kai ga bikin ƙasa sai an yi tankaɗe a ƙauyuka da kanto, a je Magariya a kara da sauran kantuna, wanda ya yi nasara ya wuce Damagaram, can a tsamo waɗanda za su wakilci jiha. Ke nan yaron da ke kiwon awaki a wani tunga yana da hanya, ko da siririya ce, da za ta iya kai shi gaban shugaban ƙasa saboda ya iya kwaikwayon tafiyar tsohuwa. Yawancinmu Magariya ce iyakarmu. Amma saboda tsanin, kowane gari sai da ya tayar da ƙungiya.

A farkon shekarun 1980 ina ƙaramin malami a wata lakwal ta ƙauye a ƙasar Guci, kuma a wancan lokaci in kai mushe ne, to wasan samariya ya hau kanka ko kana so ko ba ka so. Kai ne mai agogo, kai ne mai alli, kai za ka rubuta taƙaitaccen labarin wasan da Faransanci a miƙa wa alƙalan gasa. Abin mamakin shi ne da rana doka ta hana yaro yin Hausa a aji, har akwai sambol da ake rataya wa wanda ya kuskura. Da dare kuma mushen nan ne zai zauna gaban ɗalibansa da yayyensu yana roƙon su ba shi karin maganar da ta fi zama daidai a bakin tsoho. A nan na gane yaran da ake ce wa daƙiƙai a aji da yawansu harshe ne aka ɗaure musu. A 1973 an buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, amma wannan haske bai iso ƙauyukanmu ba sai ta ƙofar dandali.

Ga yadda ake gina wasa ba takarda. Bayan sallar lisha a taru a filin samariya, a kunna fitilar ƙwai. A fara da gardama a kan labari: me ke damun gari bana? In an daidaita sai a raba shi fita fita, a ce a fita ta farko kaza zai faru, a ta biyu kaza. Daga nan a ba kowa halinsa, ba kalmominsa ba. A ce da wane, kai ne uban yarinya, makwaɗaici ne kai, matsoraci kuma, shiga. Shi zai nemo maganarsa. Abin da ya ba 'yan kallon gwaji dariya a riƙe shi, abin da ya faɗi ƙasa a bar shi nan. Yara da tsofaffin da ke kewaye da fili su ne alƙalan farko, kuma ba sa jin kunyar kowa. Bayan dare ashirin ko talatin wasan ya daskare, har ka iya sa masa agogo, amma duk da haka ba a taɓa yinsa sau biyu iri ɗaya ba. Gwanin ɗan wasa yakan bar ƙofa a buɗe saboda abin da zai faru a wurin, ko jaki ya yi kuka ko wani babba ya iso a makare.

Wasan da ya fi zama mini a rai na wani magidanci ne da ya karɓi kuɗin gaisuwar 'yarsa daga hannun mutum uku, kowa bai san da ɗan'uwansa ba. Na farko Alhaji ne mai sikelin gyaɗa. Wanda ya san ƙasar Magariya ya san me wannan ke nufi: gyaɗa ce ta yi arzikin yankin, har masana'antar mai aka kafa a Magariya, sannan fari da cuta suka karya nomanta a tsakiyar shekarun 1970. To Alhajinmu sikeli ya yi tsatsa amma babbar riga na nan, girman kai na nan, kome sai ya ce a auna, har sadaki. Na biyu ɗan cirani ne da ya dawo daga Legas da rediyo mai kaset a kafaɗa da tabarau, ya manta sunan fura. Na uku manomi ne da ba shi da kome sai hauya, shi yarinyar ke so. Ranar da Allah ya tashi tona asirin maigida duk ukun suka yi sallama a yini ɗaya. Ya tura ɗaya rumbu, ya lulluɓe ɗaya da tabarma, ya ce da na ukun shi kurma ne tun jiya. Aka kira malamin tsibbu ya zo ya yi wa rumbu addu'a don an ji yana atishawa.

In labarin ne kawai, da ba abin da zai sa in tuna shi, don irinsa ya fi a ƙirga. Waƙa ce ta ɗaga shi. Kowane manemi makaɗinmu ya yi masa take, da kalangu ya taɓa taken Alhaji fili ya ɗauki dariya tun bai leƙo daga bayan zana ba. 'Yan mata kuma suna gefe a jere kamar masu daka, su ne 'yan amshi. Ba sa cikin labarin, amma su ke faɗin abin da gari ke faɗi. Maigida ya rantse bai karɓi ko dala ba, su kuwa su ɗauki waƙa suna lissafa abin da ya saya da kuɗin, tun daga goro har ɗan akuya. Ba a ƙirƙiro sabuwar murya ba, muryoyin gaɗa da na biki aka ɗauka aka sauya musu kalmomi, saboda haka kafin a kai amshi na biyu mata 'yan kallo sun shiga ciki da tafi. Yarinyar da ake rigima a kanta kusan ba ta yin magana a wasan, kamar yadda ba ta yi a gida. Sau ɗaya take buɗe baki, da waƙa, a nan kuma fili kan yi tsit. Na ga dattawan da suka aurar da 'ya'yansu ta wannan hanya suna sunkuyar da kai. Abin da 'ya ba ta isa ta faɗa wa ubanta a tsakar gida ba, ta faɗa masa a gaban gari duka, kuma ba wanda ya ce ta yi fitsara, don waƙa ce.

Samun 'yan matan nan shi ne aiki mafi wuya, kuma iyaye ba su yi laifi da suka yi ɗari-ɗari ba. Fita da dare ce, cuɗanya ce da samari, sannan ga tafiya Magariya a bayan babbar mota. Magajiya ce ke bi gida gida tana ɗaukar alkawari, ita ke rako su ita ke mayar da su, a masauki kuma a bakin ƙofarsu take shimfiɗa tabarmarta. Duk da haka, da yarinya ta ƙware sai a sa mata rana, baɗi a koma neman wata. Matsayin tsohuwa kuwa sau da yawa namiji ne ke ɗaura zane ya yi, kamar a tashe. Kayan wasa duk aro ne. Babbar rigar Alhaji ta wani Alhajin gaske ce, ya bayar da sharaɗin kada a zauna da ita a ƙasa, ya kuma zo ya zauna a sahun gaba yana gadin abarsa, yana dariyar kansa.

To ina rabon gwamnati a ciki? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Alƙalan gasa suna ba da maki a kan darasi, kuma darussan sanannu ne: illar cin rani, auren dole da tsadar aure, yaƙi da jahilci, dashen itace, shiga kwaperatif, haɗin kan ƙasa. Saboda haka kusan kowane wasa da fita iri ɗaya yake ƙarewa. A kai ƙara gaban sarki, ya yanke hukunci, sannan wani mai tsabtar riga, likita ko ma'aikacin wayar da kai, ya fuskanci jama'a ya yi jawabi. A daidai nan mata ke fara gyara goyo, masu tallan gyaɗa su ɗaga murya. Ni a ganina wannan jawabi bai taɓa sauya ran kowa ba. In wasan ya yi aiki, to tun a wurin dariyar ya yi shi. Mutum kan jure a yi masa wa'azi shekara goma, amma ba ya jure yara su riƙa rera taken Alhaji in ya wuce.

Iyaka kuwa a fili take. Ana iya taɓa ɗan kasuwa, da boka, da malamin tsibbu, da akawu mai cin hanci, musamman da yake Kunce kansa an san shi da dirar ba-zata a ofisoshi da korar ɓarayin dukiyar gwamnati. Amma kaki ba a wasa da shi. A wasanmu akwai fitar da ɗan cirani ke dawowa gida, a kowane shinge wani mai kaki ya zare abu ɗaya daga kayansa, 'yan amshi na ƙirgawa, har ya iso da rediyo ba batir. Wani babba da ya zo duba gwaji ya ce a cire. Sarkin samari, wanda bai yi lakwal ba amma ya fi mu duka sanin duniya, ya ce a bar fitar, a sauya wa mai kakin hula, a sa ɗan cirani ya faɗa da bakinsa cewa wannan a wata ƙasa ce can mai nisa. Aka yi haka, babban ya gamsu, 'yan kallo kuma ba wanda ya ruɗe. Dabarar da Gilbert ya yi da Japan ke nan, ba tare da wani ya koya wa wani ba.

Sai 1984. Damina ta ƙi, kuma a watan Afrilun shekarar gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin Najeriya, ba a buɗe ba sai 1986. Mutanen Nijar har sunan El-Buhari suka sa wa wannan yunwa. A yankin da rabin abincinsa da kasuwarsa ke ƙetare, abin ya yi muni. Samarin da muka yi shekaru muna sa su waƙar illar cin rani, su ne suka bi ta daji suka tafi, kuma ba mai bakin hana su. Ƙungiyarmu ba ta sake komawa yadda take ba.

A sama kuwa wasan na kan ganiyarsa. Ƙungiyar gidan rediyon Damagaram, wadda Yazi Dogo ke cikin jagororinta, ta zama abin kwatance a ƙasa duka. Shi ma malamin makaranta ne, ɗan Dogon Dutsi, kuma da Hausa yake wasansa, a bisa wannan tsari na ginawa a baki. Da Tele Sahel ta fara aiki a ƙarshen shekarun 1970, aka kuma rarraba akwatunan kallo na jama'a masu aiki da hasken rana a garuruwa da yawa, sai 'yan wasan ƙauye suka samu madubi. Alheri ne ta wani gefe, don an koyi tsayuwa da fuskantar jama'a. Ta wani gefen kuma kowane gari sai ya tashi da ƙaramin Yazi Dogonsa, aka rage neman abin dariyar gida. Wata Ba'amurkiya, Janet Beik, ta zauna da ƙungiyoyin nan ta yi nazarinsu, ta fitar da littafi a 1987 mai suna Hausa Theatre in Niger. Da Ingilishi yake, harshen da 'yan wasan da jikokinsu ba sa karantawa.

A shekarar ce kuma, ran 10 ga Nuwamba, Kunce ya rasu. Ali Shaibu ya sassauta mulki, ya kafa jam'iyyar MNSD a 1989, samariya ta zama kamar reshenta. Da aka zo babban taron ƙasa na 1991, wanda Andre Salifu marubucin Tanimoune ya shugabanta, duk abin da ke da warin mulkin soja aka juya masa baya. Samariya ta tafi, tsanin gasa ya karye, kuɗin yuraniyom da ma sun daɗe da ja baya. Jam'iyyu suka raba samarin gari, wanda ke wannan ba ya zama inuwa ɗaya da na waccan, balle su yi dare talatin suna gwaji. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, su ma daga wasan dandamali suka fito. Cikin 'yan shekaru gidan kallo ya maye gurbin fili, Ibro ya maye gurbin Alhajinmu. Ban ƙi Ibro ba, Allah ya jiƙansa, gwani ne. Amma Ibro bai san wanda ya karɓi kuɗin mutum uku a unguwarmu ba.

Ba ina kiran a dawo da samariyar Kunce ba ne. Wanda ya rayu a lokacin ya san akwai tilas a ciki, akwai tsoro, akwai tafin da ba daga zuci yake fitowa ba. Abin da ke damuna shi ne da aka zubar da tsarin sai aka haɗa da abin da ya girme shi. Yau in malami ya ce zai shirya wasa a makaranta, wasu iyaye shashanci suke gani, wasu kuma sai in ƙungiyar agaji ce ta kawo kuɗi da saƙonta a rubuce, yara su hau su karanta jawabin mai tsabtar riga daga farko har ƙarshe, ba dariya ba waƙa. Wato an riƙe ɓangaren da mata ke gyara goyo, an yar da wanda ke sa dattijo sunkuyar da kai. Alhali daga cikin yaran da na gani a filin nan akwai waɗanda daga baya suka zama masu magana da yawun garinsu a gaban hukuma, kuma a dandali suka fara koyon tsayawa gaban mutum ɗari ba murya na rawa.

Malamin da ke son gwadawa ba ya bukatar dandamali ko izini daga Yamai. Zana biyu, makaɗi ɗaya, da yardar iyaye, a yi da rana in dare ne matsalar, a nemo dattijuwar da za ta tsaya tsayuwar magajiya. Kafin wannan ma akwai aikin da ya fi gaggawa, kuma wayar da ke aljihun kowa ta isa. A kowane ƙauye na ƙasar Guci da Dungas da Magariya akwai tsohuwar da ta yi amshi a fastibal, akwai tsohon da ya yi maigida ko boka. A tura 'yan aji shida su zauna da su, su ɗauki muryarsu, su rubuta labarin fita fita da Hausa, a ajiye a makaranta. In an tambaye su kalmomin wasa za su ce sun manta. A fara da waƙar, sauran zai biyo.

Makaɗinmu ya rasu da daɗewa, ɗansa ne ya gaji kalangun. Wani lokaci a wurin biki, in ya hango wani ya shigo yana jan babbar riga, sai ya saki taken Alhaji mai sikeli. Tsofaffin mata su kwashe da dariya har da riƙe ciki, 'yan matan amarya su tsaya suna kallonsu, suna tambayar juna me aka yi.